Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen ɗamara da kayan hawa ga mai koyon gyaran bishiyoyi

A Birtaniya, datse rassa da sare manyan bishiyoyi sana'a ce da ake shiga ta hanyar horo da jarrabawa. Mai koyo yakan fara aiki a ƙasa, yana jan rassa yana kula da igiyar wanda ke sama, kafin ya nemi takardar shaidar hawa da ceto, wadda 'yan sana'ar har yau suke kira da tsohon sunanta, CS38. A wannan gaɓar ce yake fara tunanin sayen kayansa na kansa.

Shin ɗamarar masu hawan dutse ko ta magina za ta wadatar?

Ba za ta wadatar ba, domin kowacce da aikin da aka yi ta dominsa. Ɗamarar mai hawan dutse da ta magini an tsara su ne don su tare mutum idan ya faɗo, alhali mai gyaran bishiya yana wuni ne rataye a cikin tasa, nauyinsa duka a kanta, hannayensa biyu suna aiki. Saboda haka tasa tana da faffaɗan maɗauri mai taushi da ke tallafe ƙugu, da madaukai masu faɗi a cinyoyi, da zoben ƙarfe a kowane gefe, sannan da wata guntuwar igiya a gaba da ake kira gada. A kan wannan gada zoben da ke riƙe da igiyar hawa yake zamewa dama da hagu, wanda shi ne ke bai wa mutum damar juyawa ya miƙa jiki zuwa ƙarshen reshe ba tare da ɗamarar ta murɗe masa kwankwaso ba. A Turai ana duba lambobin EN 813 da EN 358 a jikin tambarinta, wato lambobin ƙa'idojin inganci da ke nuna irin aikin da aka gwada ta a kansa.

Wace ɗamara ce ta fi kyau?

Wadda ta zauna a jikin mai ita. Sequoia ta kamfanin Petzl da treeMOTION ta kamfanin Teufelberger sanannu ne, amma suna ba ya hana ɗamara ta matse wani ta yi wa wani daidai. Shagunan kayan sana'ar da dama suna da igiya a rataye don gwaji, kuma bai kamata mai koyo ya ji nauyin zama a cikin ɗamara na tsawon mintuna ba, sanye da irin wandon da zai yi aiki da shi, yana karkata gefe da gefe, yana lura da ko maɗaurin yana zamewa sama ya danne haƙarƙari, ko madaukan suna cizon matsematsi har ƙafa ta fara sanyi. Matsin da ba a damu da shi ba a shago, shi ne ke hana mutum natsuwa bayan awa uku a sama, kuma wanda hankalinsa ya koma kan ciwon cinya ba ya duban inda zarto yake. A kuma tabbatar cewa ana iya sauya gadar, domin ita ce ke rigan sauran sassa lalacewa.

Wace irin igiya ake bukata?

Ana bukatar igiya mai ƙarancin talewa, mai lambar EN 1891 nau'in A, wadda ƙarfinta bai gaza kilonuton 22 ba, wato tana ɗaukar fiye da tan biyu kafin ta tsinke. Kaurin da aka fi amfani da shi yana tsakanin milimita 11 zuwa 13, kuma mai kauri ta fi daɗin riƙo ga sabon hannu. Mita 35 zuwa 45 sukan isa yawancin aiki. Tunda igiyar ba ta talewa sosai, ba ta rage ƙarfin fizga sosai idan mutum ya faɗo, shi ya sa ake koyar da cewa kada a bar ta ta yi sako-sako fiye da rabin mita. Dokar aiki a sama ta 2005 da jagorar da ƙungiyar masu sana'ar ta fitar a 2020 sun sa hawa da igiya biyu, kowacce da inda aka maƙala ta, ya zama abin da ake tsammani a Birtaniya, don haka a yi lissafin kuɗin biyu tun farko.

Ƙulli ko na'ura za a yi amfani da shi wajen hawa da sauka a kan igiya?

Ƙulli tukuna. Ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik ɗan Ostiriya ya bayyana a 1931, yana kama igiya idan an ɗora masa nauyi, yana kuma zamewa idan an sassauta shi da hannu. Na'urorin ƙarfe da ke yin aikin wannan ƙulli, irin su Zigzag, suna da sauƙi da sauri, amma suna da tsada, kuma wanda ya iya ƙulli zai iya saukowa ko ya ceci abokin aikinsa da guntuwar igiya kawai.

Mene ne sauran kayan da ba a hawa sai da su?

Akwai gajeriyar igiya ta mita uku zuwa biyar da ake zagaya kututture da ita a maƙala a zobban gefe, musamman lokacin yanka. Akwai ƙugiyoyi masu kulle kansu, waɗanda sai an yi motsi uku kafin bakinsu ya buɗe, domin reshe ko igiya na iya goga mai sauƙin kulle ta buɗe ba a sani ba. Sai hular kwano mai maɗaurin haɓa, da kariyar ido da kunne, da ƙaramin zarto na hannu, da siririn zare mai jakar nauyi da ake jefawa a kan reshe don a ja igiya sama, da ɗan maɗauri mai zobba biyu da ke hana igiya cin ɓawon bishiya. Idan aka kai ga injin yanka, wando mai kariya ya zama dole, kuma ga mai hawa an fi son nau'in C, mai kare ƙafa gaba da baya, duk da cewa yana da zafi. Ƙarafan ƙafa masu tsini kuwa ana iya jinkirta sayensu, tunda ba a caka su a bishiyar da ake so ta rayu, sai wadda za a sare gaba ɗaya ko a wajen ceto.

Ana iya sayen na hannu don rage kashe kuɗi?

Jakar kaya da takalmi, ana iya saye. Ɗamara da igiya da ƙugiya kuwa, ra'ayina shi ne kada a saya sai sababbi, domin zaren da ya sha rana, ko fetur, ko ruwan batir, ko ya taɓa tare faɗuwa mai ƙarfi, yana iya raunana alhali ido bai ga komai ba. Dokar Birtaniya ta 1998 kan kayan ɗaga nauyi, wadda ake kira LOLER, ta wajabta wa ƙwararre ya binciki kayan da ke ɗaukar mutum duk wata shida a rubuta sakamakon, kuma abin da ba shi da lambar shaida da tarihin amfani da wuya mai bincike ya sa masa hannu. Kamfanoni irin su Petzl suna iyakance rayuwar kayan zare da shekara goma daga ranar ƙera su, ko da suna ajiye. Ban da wannan, mai hawa da kansa yana bin igiyarsa da yatsu daga farko zuwa ƙarshe kafin kowane hawa, yana neman wurin da ya kumbura, ko ya motse, ko ya yi ƙyalli saboda zafin guga.

Yaushe ya kamata a saya?

Bayan an kammala kwas ɗin hawa, ko aƙalla bayan an tambayi mai koyarwa, domin cibiyoyin horo da yawa suna ba da aron kaya, kuma a lokacin kwas ɗin ne mutum yake gane abin da ya dace da jikinsa. Wanda aka ɗauka aiki kuwa, doka ta ɗora wa maigidansa samar masa da kayan kariya kyauta, don haka ya fara tambayar abin da za a ba shi kafin ya taɓa aljihunsa.