Waiwaye: Amiba mai cin ƙwaƙwalwa ta daɗe da sanin hanyar famfo

Tun da mace-mace suka ƙaru a jihar Kerala ta Indiya a 2024 da 2025, ake ta muhawara kan amibar nan, wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa, da ake ce wa mai cin ƙwaƙwalwa. Wasu na ɗora laifin kan ɗumamar yanayi, wasu kan masu wanka a tafki, kamar jiya-jiya abin ya ɓullo.

A 1965 likitoci biyu, Fowler da Carter, suka fara bayyana cutar a Ostireliya, aka raɗa wa ƙwayar suna Naegleria fowleri. Shan ruwan da take ciki ba ya kawo cutar. Ta hanci take shiga ta haura ƙwaƙwalwa, ta fara kamar sanƙarau, kuma cikin mutum ɗari da ƙyar uku ke tsira. Da yake akasari masu iyo take kamawa, sai aka ɗauke ta cutar 'yan ninkaya.

Abin da aka cika mantawa shi ne abin da ya faru a garuruwan Port Augusta da Port Pirie na kudancin Ostireliya. Yara na mutuwa lokacin bazara, wasunsu ko kusa da tafki ba su je ba, iyakarsu wasa da ruwan gida. Ruwan garuruwan daga kogin Murray ake jawo shi ta bututun Morgan zuwa Whyalla, mai tsawon fiye da kilomita 350, shimfiɗe a bisa ƙasa rana na dukansa wuni guda. Kafin ya isa gidaje ya yi ɗumi, kulorin ɗin da ke cikinsa ya salwance, ita kuwa amibar har zafin digiri 46 tana hayayyafa. A 1972 aka gano ta a ruwan famfo. Aka shiga ƙara kulorin a kan hanya, ana auna ruwan a kai a kai, daga baya aka koma kuloramin, wani sinadari dangin kulorin da ya fi daɗewa a bututu. A ganina tun nan aka san inda gizo ke saƙa: ruwan da ya bar matatar lafiya lau na iya isa gida ba kariya.

Mu ma ba baƙuwarmu ba ce, domin likitoci a Zariya sun ba da rahotonta wajen 1980, har da wani manomi da aka danganta nasa da shaƙa ruwa wurin alwala. Daga 2008 Karachi ta Pakistan ta fara rasa samari waɗanda ba sa iyo, binciken ya koma kan ruwan famfo da tankunan gida marasa isasshen kulorin.

A 2013 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu bayan wasa da ruwan famfo a Luwiziyana ta Amurka, a yankin da jama'a suka ragu bayan guguwar Katrina, ruwa na kwana a bututu. Sai a lokacin jihar ta wajabta aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita har ƙarshen layi, shekara 41 bayan darasin Ostireliya.