Lambar da ke jikin tirela ba ita ce nauyin kayan da za ta ɗauka ba

Masu haya da ƙaramar motar haƙa ƙasa a Birnin Kebbi da Argungu sun daɗe suna cewa in farantin tirela, wato ɗan ƙarfen da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta nauyi a kai, ya nuna kilo 3,500, to za ta ɗauki injin mai kilo 3,500. Wannan lambar ta haɗa da nauyin tirelar kanta. In ita tana kilo 800, saura 2,700 kenan, kuma bokitin haƙa da man da ke tanki da sarƙoƙin ɗauri duk a ciki suke.

Dubawa ba wuya. A auna tirelar fanko a sikelin manyan motoci, a karanta nauyin injin a farantinsa, a duba lambar lodin da ke gefen taya. Tayar da aka danne da lodi, ga zafin kwalta, ita ke fara fashewa.

Don Allah ku tura wa direbobi da 'yan kwangila.