Waiwaye: yadda kiɗan punk ya zama zambo ga masu mulki

A shekarar 1976 Ingila tana cikin halin ni-'yasu. Farashin kaya ya yi tashin gwauron zabi, marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, har sai da gwamnati ta nemi bashi wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Yaron da ya gama makaranta a unguwannin talakawan Landan ba abin da ke jiransa sai layin karɓar tallafin gwamnati. Kiɗan punk ya fara tashe ne a New York, amma a hannun waɗannan yara ya zama zambo: jita da ganga da ihu, waƙa minti biyu zuwa uku, riga a yage an kama ta da fil.

Abin ya fashe a 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta cika shekara 25 a gadon sarauta. Ana ta lanƙaya tutoci a tituna, sai ƙungiyar Sex Pistols ta fitar da waƙa mai sunan taken ƙasar, God Save the Queen, tana kiran mulkin na kama-karya, tana maimaita cewa matasa ba su da makoma. A bangon faifan an sa hoton sarauniya, an rufe idanunta da bakinta da haruffan da aka yanko daga jarida. BBC ta haramta sa waƙar, wasu manyan kantuna suka ƙi sayar da ita, duk da haka ta hau mataki na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Ranar 7 ga Yuni suka hau jirgin ruwa a kogin Thames suna kiɗa har gaban majalisar dokoki. 'Yan sanda suka tarye su a gaɓa, suka kama manajansu Malcolm McLaren da wasu.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. A lokacin jam'iyyar National Front tana hura wutar ƙin baƙaƙe da 'yan Asiya. A watan Afrilun 1978 dubban matasa suka yi tattaki zuwa filin shaƙatawa na Victoria Park a Landan, inda mawaƙan punk na ƙungiyar The Clash suka yi wasa dandali ɗaya da mawaƙan reggae baƙar fata, ƙarƙashin gangamin yaƙi da wariyar launin fata mai suna Rock Against Racism.

A Amurka kuwa, mawaƙin ƙungiyar punk ta Dead Kennedys ya laƙaba wa kansa suna Jello Biafra, ya haɗa sunan wani kayan zaƙi da sunan Biyafara, wai don ya nuna ƙoshin Amurka kusa da yunwar yaƙin basasarmu. Ɗan Najeriya ba zai ji sunan nan ransa bai sosu ba. A 1979 ya tsaya takarar magajin garin San Francisco, yana alkawarin tilasta wa 'yan kasuwa sa kayan 'yan barkwanci, ya zo na huɗu.

Bayan yaƙin Falklands na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, ƙungiyar Crass ta Ingila ta fitar da waƙa tana tambayar firaministar lokacin, Margaret Thatcher, yadda take ji da jinin waɗanda suka mutu. Ba su tsaya nan ba. Suka yanyanka muryoyin Thatcher da shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, suka harhaɗa su kamar hirar tarho ta sirri, suka aika wa 'yan jarida. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗora alhakin kaset ɗin a kan KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. Sai a watan Janairun 1984 jaridar Observer ta gano cewa aikin 'yan kiɗan nan ne da ke zaune tare a wani tsohon gida a karkarar Essex.