Makin ces da yadda yake hawa

Makin ces, wanda 'yan wasa ke kira retin, lamba ce da ke nuna ƙarfin ɗan wasa idan aka gwada shi da sauran. Ces ɗin shi ne wasu ke ce ma darar Turawa, duk da dai asalinsa Indiya ne wajajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya isa Turai.

Tarihi

Da can ba lamba, sai dai a ce wane ya fi wane, a yi ta gardama kamar yadda ake yi a gindin bishiya wajen 'yan dara. Wajen 1950 hukumar ces ta Amurka ta fara aiki da lissafin Kenneth Harkness. Daga baya Arpad Elo, haifaffen Hungari mai koyar da fiziks a jami'ar Marquette, kuma shi kansa gwanin ces ne, ya gyara lissafin, Amurka ta karɓa a 1960, hukumar duniya FIDE ta bi sahu a 1970. Bobby Fischer ya kai 2785 a 1972, Garry Kasparov 2851 a 1999, sai Magnus Carlsen ɗan Nowe ya kai 2882 a 2014, har yanzu ba wanda ya kamo shi. A Afirka Bassem Amin na Masar ne ya fara haura 2700. Ko maki ya yi araha a kan na da, masana ba su daidaita ba.

Lissafi

Abin da ake dubawa shi ne tazara. Wanda ya fi ka da 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na makin wasanninku. To a ce kana 1500 ka doke mai 1700, za a ƙara maka kamar 15, in shi ya doke ka 5 kawai za ka rasa. Wannan kenan in lambar K ɗinka, wato wadda ke yanke yawan makin da za a iya ƙara maka ko a rage maka a wasa ɗaya, 20 ce. Sabon shiga da yara 'yan ƙasa da 18 da ba su kai 2300 ba tasu 40 ce, shi ya sa yaro ke tashi kamar farashin shinkafa, wanda ya taɓa kai 2400 kuwa tasa 10 ce, sai dai rarrafe. Zama giranmasta, wato babban matsayin gwanayen ces, sai ka taɓa 2500 ka kuma yi bajinta a wasu gasanni.

Yadda ake ƙwarewa

Hawan farko ba wuya, da zarar mutum ya daina barin dokinsa ko sarauniyarsa a ci a banza maki zai yi sama da ɗaruruwa. Daga nan sai a maƙale, wata da watanni lamba na kai da komo wuri ɗaya, kuma a nan da yawa ke zubar da wasan. Masu koyarwa sun fi cewa kullum a warware tarkuna, wato matsalolin da ake shiryawa a kan allo don a nemo mafita, a koyi ƙarshen wasa, sannan a koma kan wasan da aka sha kashi a nemo inda aka kwafsa tun kafin a tambayi kwamfuta. Haddar buɗe wasa, wadda samari suka fi so, ba ta cika amfanar ɗan koyo ba. Yawanci ƙarfi na kai ƙololuwa tsakanin shekara 25 da 35.

A Kaduna

Galibin masu bugawa a waya suke yi, a manhajar Lichess ko Chess.com, waɗanda ke amfani da lissafin Glicko na Mark Glickman, don haka lambarsu ba ta FIDE ba ce, kuma sau da yawa ta fi ta yawa. Za ka ga yaro a teburin mai shayi a Kawo ko Tudun Wada yana wasan minti 3, yana gab da kama sarki sabis ya ɗauke, agogo ya cinye shi, maki ya zube ba laifinsa. Na FIDE kuwa sai an zauna gaba da gaba a gasar da aka yi wa rajista, irin waɗannan kuma sun fi yawa a Legas da Abuja, ga kuɗin mota ga na masauki.