Aikin lauya ta intanet a cinikin gida a Najeriya

Aikin lauya ta intanet a cinikin gida shi ne mai saye ko mai sayarwa ya ɗauki lauya ta shafin intanet, imel ko WhatsApp, ya gudanar masa da ɓangaren doka na cinikin ba tare da ya taka ofishin lauyan ba. Aikin ya haɗa da binciken asalin gidan, rubuta yarjejeniyar ciniki da takardar miƙa mallaka, biyan kuɗaɗen gwamnati, da bin fayil har a yi rijista. Mazauna nesa ne suka fi neman irin wannan aiki, kamar ɗan kasuwar da ke Legas yana son gida a Kano, ko mai zama a Saudiyya ko Ingila da ke tara abin da zai dawo ya samu a gida. A Najeriya wani sashe na aikin ne kawai ke yiwuwa ta waya, sauran sai an je da ƙafa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce takardar da aka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya hana sayarwa ko jinginar da wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne ke ba da amincewar.

Dokar aikin lauyoyi ta haramta wa wanda ba lauya ba ya rubuta takardar mallakar gida ko fili don a biya shi. Wannan ya shafi shafukan da ke sayar da fom ɗin yarjejeniya, a cike suna da kuɗi kawai a buga. Irin wannan fom bai san tarihin gidan ba, kuma galibi bai dace da tsarin ofishin filaye na jihar ba. Takardar da lauya na gaskiya ya rubuta tana ɗauke da sunansa da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai lambar rijistarsa ta Kotun Ƙoli. Wannan lamba ce ya kamata a nema tun farko, a tantance ta wajen reshen ƙungiyar na garin da lauyan ya ce yana aiki.

Dokar Shaida ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2023, ta amince da bayanan kwamfuta da sa hannu ta na'ura. Duk da haka, a aikace ana sa wa takardar miƙa mallaka hannu da alƙalami a gaban shaidu, domin kwafin takarda ne ake bugawa hatimi a ajiye a fayil. Mai saye da ke ƙasar waje sai a aika masa takardun ya sa hannu ya dawo da su.

Yadda aikin ke tafiya

Mai sayarwa zai fara turo hoton C of O, taswirar safiyo, rasitan kuɗin ƙasa na shekara-shekara, izinin gini da katin shaidarsa. Daga nan lauya zai nemi binciken fayil a hukumar filaye: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, NAGIS a Nasarawa. Waɗannan hukumomi sun mayar da taswirori da fayiloli cikin kwamfuta, shi ya sa binciken ya fi sauri fiye da zamanin tono fayil a sito. Rahoton zai nuna sunan da ke kan fayil, lambar fuloti da girmansa, ko na zama ne ko na kasuwanci, ko an jinginar da shi a banki, ko an ƙwace shi, da bashin kuɗin ƙasa da ake binsa. Sau da yawa hukumar kan nemi wasiƙar izini daga mai gidan kafin ta buɗe fayil, kuma mai sayarwar da ya riƙa kwana-kwana wajen ba da wannan wasiƙa abin lura ne. Idan kamfani ne ke sayarwa, a duba shi a shafin hukumar rijistar kamfanoni ta CAC, inda ake rijistar jinginar kadarorin kamfani.

Mataki na biyu shi ne zuwa wurin, kuma nan ne intanet ke gazawa. Bidiyon da dillali ya ɗauka yana nuna fenti da tayil, ba ya nuna wane ne ke kwana a ɗakin baya. Sai mai safiyo ya auna ya ga ko duwatsun iyaka sun yi daidai da lambobin taswira, domin ana iya nuna wa mutum gida a layi ɗaya a ba shi takardar fulotin wani layin. Sai an tambayi maƙwabta da mai unguwa wane ne suka sani da gidan, an gano ko akwai 'yan haya da ranar da kuɗinsu zai ƙare, an kuma leƙa rajistar kotu ko akwai ƙara a kansa. Lauyan da ba shi da wakili a garin da gidan yake ba zai iya wannan ba, komai kyan shafinsa.

Bayan bincike ne ake ba da kafin alƙalami, a rubuta yarjejeniya mai bayyana farashi, ranar cika kuɗi, ranar karɓar mukulli, wanda zai biya la'adar dillali, da makomar kuɗin idan ciniki ya warware. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Daga nan a sa hannu a takardar miƙa mallaka, a karɓi ainihin takardun gidan, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rijista. Kuɗaɗen sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma ana lissafa su ne kan ƙimar da gwamnati ta yi wa gidan.

Inda ake samun matsala

Hoton takarda ba ya tabbatar da komai. Minti kaɗan ya isa a sauya suna a kansa. Ko takardar ta gaskiya ce, Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa C of O ba ta wanke mallakar da tushenta ba shi da kyau. Wata damfarar kuma a ranar biya take zuwa: a kutsa imel ko WhatsApp ɗin lauya ko mai sayarwa, a turo sabuwar lambar asusu da uzurin cewa tsohuwar ta samu matsala. Maganinta a kira lambar wayar da aka sani tun da farko, kuma a tabbatar sunan asusun shi ne sunan da ke kan fayil.

Wasu masu saye kan tsaya a takardar wakilci, wadda mai sayarwa ke ba su ikon gudanar da gidan a madadinsa, don gudun kuɗin amincewar gwamna. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ude da Nwara a 1993 wakilci ba ya miƙa mallaka. Sunan mai sayarwa yana nan a fayil, yana iya sake sayarwa, kuma in ya rasu magadansa ne za a yi magana da su.

A Arewa akwai gidaje iri biyu da binciken kwamfuta ba ya kamawa. Na farko gidan awon igiya, wanda manomi ya yanka gonarsa ya sayar, ba shi da fayil a ko'ina. Shaidarsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, don haka sai an bi jerin masu shi ɗaya bayan ɗaya, an kuma duba ko wurin bai faɗa cikin hanya ko filin da gwamnati ta tsara ba. Na biyu gidan gado. Fayil na iya ɗauke da sunan mamaci shekaru bayan rasuwarsa, babban ɗa kuma ya fito yana sayarwa shi kaɗai. A nan lauya zai nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, da sa hannun kowane magaji, har matan aure da ke wani gari da waliyyin marayu. A mazhabar Malikiyya, idan magaji ya sayar da kasonsa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya mai sayen kuɗinsa su karɓe kason.