Daga ɗan tunani zuwa labarin fim: tambayoyin da masu fara rubutu suka fi yi

Wani tunani ya zo mini. Ta yaya zan gane ko ya isa a gina fim a kansa?

Gwada faɗinsa a jimla ɗaya ko biyu, ka tabbata abubuwa uku sun fito: wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. Idan ka ce "labari ne a kan cin amana", jigo ka ba ni, labarin bai zo ba tukuna. Amma a ce wata ma'aikaciyar jinya ce ke kula da wani yaro da mota ta buge, direban ya gudu, sai ta gano motar ƙaninta ce, kuma ita kaɗai ta sani. Duk wanda ya ji wannan zai yi caraf ya ce, "To ta tona shi, ko ta rufa masa asiri?" Wannan tambayar ita ce ma'auninka. Muddin wanda ka ba labari bai ƙagu ya ji ci gaba ba, da sauran aiki.

Ina da jarumi mai kirki, ina da mugu. Wannan bai wadatar ba?

Bai wadatar ba, kuma a nan ne nake ganin labarai da yawa suke mutuwa tun ba a kunna kyamara ba. Zaɓi tsakanin alheri da sharri ba ya wahalar da kowa, mai kallo ya san amsar tun daga minti na biyar. Abin da ke riƙe shi a kujera shi ne zaɓin da ko ta ina aka bi sai an yi asara.

Mu koma ga ma'aikaciyar nan. Idan ƙanin nata ɗan iska ne mara tausayi, tona shi ba wani abu ba ne. To, a ce shi ne ya bar karatu ya kama aiki don ita ta gama nata, kuma tsoro ne ya sa ya gudu. A ɗaya ɓangaren ga uwar yaron a bakin gado, kullum tana riƙe hannun ma'aikaciyar tana yi mata godiya. Yanzu ko shiru ta yi ta ci amana, ko magana ta yi ta ci amana. Shi ma wanda ke adawa da jarumi ka ba shi hujjar da shi kansa ya yarda da ita, har ya zama idan aka juya labarin ta ɓangarensa za a iya tausaya masa. Sannan ka tambayi kanka me zai salwanta idan jarumin ya gaza: aiki, 'yanci, mutunci, ko wani da yake ƙauna. Idan babu abin da zai rasa, babu dalilin da mai kallo zai damu.

Dole ne in bi tsarin kashi uku da ake ta magana?

Asalin maganar tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafa Aristotle na ƙasar Girka ya ce cikakken wasa yana da farko da tsakiya da ƙarshe. A 1979 wani malamin rubutun fim ɗan Amurka, Syd Field, ya sa wa abin lissafi: a rubutu mai shafi 120, kusan 30 na gabatarwa, 60 na gwagwarmaya, 30 na warwarewa. Lissafin ya dogara ne da cewa shafi ɗaya, idan an buga shi da salon haruffan da ake kira Courier, mai girman lamba 12, a tsarin da aka saba, yakan ci kusan minti ɗaya a allo.

A ganina amfanin wannan tsari ya fi fitowa bayan ka rubuta, lokacin da kake neman inda ciwon yake. Idan an kai shafi na 40 jarumarka ba ta shiga matsala ba, ka san gabatarwa ta yi tsawo. Wata maganar Aristotle ta ma fi wannan amfani: akwai babban bambanci tsakanin abu ya faru *bayan* wani abu, da ya faru *saboda* shi. Bi fitowarka ɗaya bayan ɗaya. Idan abin da ke haɗa su "sai kuma" ne, tsakiyar fim ɗin za ta yi sanyi. Idan "saboda haka" ne, kowace fitowa tana haifar da mai bi mata: ta ɓoye abin da ta sani, saboda haka aka kama wani direban da bai ji ba bai gani ba, saboda haka shirunta ya ƙara tsada.

Zan iya fara rubuta maganganun 'yan wasa yanzu?

Dakata. Fara rubuta labarin gaba ɗaya a shafi biyu ko uku, ba tare da magana ko ɗaya ba. Daga nan kowace fitowa ka ba ta ƙaramin kati, ka jera su a tebur. Sauya wa kati wuri ya fi sauƙi a kan yaga shafi goma da ka sha wahala a kansu.

Yaya zan nuna abin da ke cikin zuciyar mutum?

Kyamara ba ta ganin tunani, aiki take gani. Kada ka rubuta "tana cikin damuwa", domin ba ka ba 'yar wasa abin yi ba. Rubuta cewa tana gyara wa yaron ƙarin ruwa, wayarta na kan teburin gefen gado ta fara haske da sunan ƙaninta, uwar yaron ta ce, "Ɗauki mana, ko gida ne," ita kuwa ta kife wayar ta ce, "Ba kowa ba ne." Ba a ambaci tsoro ko kunya ba, amma duk an gan su. Mutane ba safai suke faɗin ainihin abin da ke damunsu ba, musamman ga wanda ya fi kusa da su, kuma fim mai taɓa zuciya yana rayuwa ne a wannan tazara.

Me zan cire idan labarin ya yi yawa?

Marubucin wasan kwaikwayo na Rasha, Anton Chekhov, ya shahara da shawarar cewa kada a rataye bindiga a dandali idan ba za a harba ta ba. Duk abin da ka ja hankalin mai kallo a kai alkawari ne. Ka cika shi, ko ka cire shi. Mutum biyu da ke aiki iri ɗaya a labari, haɗe su su zama ɗaya. Gaisuwa da sallama a kowace fitowa, yanke su: shiga bayan an fara rigima, fita kafin ta huce. Fitowar da za ta fi yi maka wuyar cirewa ita ce wadda ka fi so, alhali ko babu ita labarin na tafiya daidai.

Ƙarshen fa? Na rasa yadda zan rufe.

Mai kallo yakan yafe katari a farkon labari, shi ya sa ya yarda cewa yaron ya faɗo hannun yayar direban. A ƙarshe ba ya yafewa. Idan kwatsam hoton kyamarar tsaro ya bayyana ya tona ƙanin, ka ƙwace wa jarumarka hukuncin da aka zauna awa biyu ana jira ta yanke. Ita za ta buɗe baki ko ta rufe, kuma a ga abin da hakan ya jawo mata.

Wa zan nuna wa, kuma wace shawara zan ɗauka?

Tara mutane su karanta da murya, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, kai kuma ka yi shiru da biro a hannu. Inda harshe ya sarƙe, layin ne ba daidai ba. Inda wani ya fara duba waya, sa alama. Bayan sun gama kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Tambaye su me jarumar take nema, kuma a ina suka fara gajiya. Idan uku daga cikinsu suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin ko da kowa da maganin da ya kawo. Sau da yawa ma tushenta yana can baya, a wata fitowa da ba ta dasa abin da ya kamata ba, don haka koma shafukan da suka gabace ta ka fara nema daga can.