Vivacious: ma'ana, asali da amfani

Vivacious siffa ce a harshen Turanci da ake kwatanta mutum mai kuzari da fara'a da ita, wanda walwalarsa ke jan hankalin jama'a. Gaɓoɓinta uku ne, ana kuma ƙarfafa ta tsakiya wajen furuci, kamar a ce "bi-BEI-shas". Hausa ba ta da kalma guda da ta yi mata daidai. Sai an haɗa kuzari da sakin fuska da haba-haba da mutane kafin a kamo ma'anarta. Rawar kai kuwa ba ta shiga ciki, domin vivacious yabo ce, ba suka ba.

Tushenta kalmar Latin ce, vivax, wadda ta fito daga aikatau vivere, wato "rayu". A wurin Romawa, vivax na nufin abu mai tsawon rai ko mai wuyar mutuwa, sannan mai karsashi. Siffar ta shiga Turanci a ƙarni na 17, amma sunan da ke tare da ita, vivacity, ya riga ta, tun a ƙarni na 15. Da farko Turawan Ingila sun riƙe ma'anar tsawon rai, har sukan siffanta dabba ko tsiro da ita. Wannan ma'ana ta dushe a Turanci, sai dai tana nan daram a Faransanci: wanda ya yi karatun noma a Nijar ya san plante vivace, shukar da ke shekaru ba ta mutu ba. A Italiyanci kuma vivace umarni ne ga makaɗa da su yi kiɗa da sauri da armashi.

Danginta a Turanci suna da yawa, irin su vivid da survive da revive. Mafi ban sha'awa ita ce quick. Yau "sauri" take nufi, amma a tsohon Turanci cwic na nufin "mai rai", kuma masana harsuna sun mayar da ita da vivere zuwa saiwa guda ta Indo-Turai, wato tsohon harshen da Latin da Turanci suka samo asali daga gare shi. Quick da vivacious duk sun faro daga rai, kowacce ta ƙare a motsi.

Wajen amfani, galibi mata da 'yan mata ake yi wa wannan siffa, har wasu ƙamusoshin Turanci na faɗin haka ƙarara. Da wuya a ji an kira namiji vivacious. Shi lively ko spirited ake ce masa. Wannan karkata abin lura ce ga mai koyon harshen, musamman mai fassara. Ana kuma jingina ta ga hali ko murmushi ko hira. Ta fi yawa a rubutu, kamar ƙagaggun labarai da tarihin rayuwa da ta'aziyyar jaridu, fiye da hirar yau da kullum, inda lively ta fi saurin zuwa baki.